Ihun Motar Alhaji Barau

Tun da dokar nan ta zo, duk motar da aka kulle da mai numfashi a ciki sai ta kwarma ihu: "Akwai rai a ciki!" To, mu nan har awaki muke zubawa a mota, kunne ya riga ya saba.

Ranar kasuwa da azahar, motar Alhaji Barau ta fara, shi yana can rumfar hatsi.

"Alhaji ya sake manta bunsurunsa," in ji Talle mahauci. Aka kwashe da dariya.

Can da la'asar matar Alhaji ta iso a guje, ko mayafi babu. "Jama'a, ina Sagiru? An ce ya ɓuya a motar babansa!"

Sai a lokacin muka lura motar ta daɗe da yin shiru.