Gwajin Jinin Selom

Dzifa ta tsaya a ƙofar ofishin jakadancin Jamus a Lome. An ce ba za a ba 'yarta Selom biza ba sai gwajin jini ya tabbatar 'yar Edem ce, mijinta da ke Jamus yana fafutukar ɗauko su.

Ita kuwa ta san abin da gwajin zai nuna. Sau ɗaya ta taɓa kauce hanya, lokacin da haihuwa ta ƙi zuwa, kuma tun ranar abin ke cin ta a rai.

Ta kira Edem a waya. "Baban Selom, akwai maganar da..."

"Kar ki shiga," ya katse ta. "Na janye takardun. Gida zan dawo."

"Bayan duk wahalar da ka sha? A kan me?"

Sai ta ji yana shessheƙa.

"Tun kafin aurenmu likita ya ce min ba zan taɓa haihuwa ba. Ina kallo Mama ke ce miki juya a gaban 'yan coci, na ja bakina na yi shiru. Dzifa, ki yafe min."