Ƙamshin da Ya Rage a Tafina

Bayan rasuwar kakata a garin Babban Mutum, Innarmu ta dawo Daura da wani ƙullin tsumma da ta tsinta a kwallar marigayiyar. 'Yan ƙwayoyi ne baƙaƙe a ciki, ba wanda ya san irin mene ne. Ta shuka su inda take alwala, ɗaya tak ya tsiro. Kullum sai ta durƙusa ta duba shi, ta ce, "Bari ya girma, zai faɗi sunansa."

Wata la'asar ina wasa, na rasa ganyen miyar tuwon ƙasa. Na tumɓuke tsiron, na niƙe a kan dutse.

Da Inna ta ga gurbin, tun ba ta tambaya ba na ce, "Akuya ce."

Ta kamo hannuna. Na runtse ido ina jiran duka, sai na ji ta kai tafina hancinta. Ta daɗe tana shaƙa.

"Ashe ɗoɗɗoya ce," in ji ta a hankali. "Haka hannun tsohuwata yake ƙamshi."

Ko tanka zancen akuya ba ta yi ba. Da ma dukana ta yi, da tuni ya wuce.