Kwandon da Ya Ƙi Shiga Lungu

Wani magidanci ya daɗe da aure ba haihuwa. Da gwaji ya nuna matsalar daga wajensa take, sai ya miƙe yana buga ƙirji, wai shi da ke ɗaga buhun masara shi kaɗai? Dattijon likitan da ya yi gwajin ya ce ya zauna, ba zancen ƙwanji ake yi ba. Kowace ƙwayar maniyyi, in ji shi, tana ɗauke da zaren gado, wato abin da ɗa ke gada daga uba, naɗe a jikin wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa kamar kwarkwaron masaƙa. Kafin ta kama hanya sai jiki ya sassauta naɗin, ya zare kwarkwaron, ya sake dunƙule zaren ƙam. In aka tsallake wannan, yawa da gudu ba sa kai ta ko'ina. Sai ya ba shi misali.

Wata attajira mai masaƙa ta sa aka yi shela cewa duk wanda ya fara shigo mata da zare, daga ranar shi kaɗai za ta riƙa saye a hannunsa. A cikin masu zare akwai wani dogo mai ƙafar barewa, wanda kasuwa ta juya wa baya har murhun gidansa ya fara sanyi. In cinikin nan ya kuɓuce masa, iyalinsa sai dai su kwana da haƙuri. Ya tarar da abokan sana'arsa sun baje a inuwa suna warware zare daga kwarkwaro suna dunƙulewa, ya yi musu dariya har da riƙe ciki. Ana tsere, wa ya aike su zama? Ya kwashe nasa yadda yake, kwarkwaro da komai, ya danna a wani kwando mai faɗin bakin rijiya, ya ɗora a ka, ya falla da gudu.

Shi ya fara isa, wannan kam ba mai ƙwace masa. Sai dai gidan attajira a ƙuryar lungu yake, lungun da ko jaki sai an sauke masa mangala. Ya kutsa kai, kwando ya cije tsakanin bango da bango. Ya tura, ya ja, ya kira sunan kakanninsa, kwando ko gezau. Da ya yunƙura da ƙarfin tsiya sai gindin kwandon ya ɓurme, ya sauko masa har wuya. Kwarkwaro suka watse, awakin unguwa suka bi ta ciki suka yi gaba da zaren, kowace da launin da ta samu. Yana nan maƙale sai ga wani siririn tsoho cikin waɗanda ya yi wa dariya, yana tafe a natse, dunƙulen zarensa a hammata. Ya yi masa sannu da aiki, ya sunkuya ta ƙarƙashin kwandon ya wuce.

Daga cikin kwando dogon ya ji an ja sakatar ƙofa. 'Yan kallo sun sha dariya, shi kuwa hawaye ya share da guntun zaren da ya rage masa. Likitan ya dubi magidancin ya ce, da ma Hausawa sun faɗa: sauri ya haifi nawa.