Wa'azi a Cikin Lori

"Karan sigari nawa kake sha a rana, ya Haj?" likitar ta tambaya, tana latsa ƙafarsa da ta kumbura.

Haj, dillalin riɗi, ya ji kamar an mare shi. Shi da duk kasuwar Gadarif ta san ko gaisawa ba ya yi da mai sayar da taba?

"Jini ne ya dunƙule a jijiya," ta ce. "Hayaƙin wani ma yana sa jini saurin daskarewa. Da wa kake zama?"

Sai ya tuna direban lorinsa. Kowace kaka, tun daga gonakin Simsim har gari, direban na busa hayaƙi, shi kuma yana masa wa'azin illar taba. Har tagogi Haj yake rufewa don kada iska ta kwashe nasihar.

Da direban ya zo dubiya, Haj ya nuna masa ƙafar. "Ga aikin tabarka."

Direban ya sunkuyar da kai. "Ka yafe ni, ya Haj. Wallahi in ni kaɗai ne ba na sha. In ka fara wa'azin ne barci ke kama ni, ga kuma sitiyari a hannuna."