Shayin Kantarion na Radojka

Tun da aka sa Miodrag cikin masu gwajin sabon magani a wani babban asibiti a Belgrade, matarsa Radojka ba ta ƙara samun natsuwa ba. Ciwon daji ne ya kama masa huhu. Da likitoci suka auna, sai suka ga ciwon nasa yana da wata tangarɗa a ƙwayar halitta wadda ba kowane mai ciwon ke da ita ba. Aka yi sa'a akwai magunguna biyu da ake gwadawa a haɗe, waɗanda aka yi takanas don irin wannan tangarɗar. Sharaɗin kuwa a fili yake: in ciwon ya ci gaba da girma, za a cire mutum daga gwajin.

Da farko abin ya yi kyau. Tari ya ragu, hoton ƙirji ya nuna ƙarin da ke huhun ya fara motsewa. Sai dai maganin ya ɓata masa ciki. Mutumin da a da yake tashi da tukunyar wake da nama shi kaɗai, yanzu loma biyu sai ya ture kwano. Ya wuni a bakin taga, ko magana ba ya so.

Radojka kuwa ba ta iya zuba ido ba. Rannan maƙwabciyarta Zorka ta shigo shan kofi, ta leƙa Miodrag, ta dawo tana girgiza kai.

"Ke Rada, kallonsa za ki yi ta yi har ya ƙare? Ga busasshen furen kantarion cike da rufin ɗakinki, kin bar mutum yana bushewa kamar kara."

"An ce kada mu haɗa da komai, Zorka."

"Magani suke nufi. Wannan ai shayi ne. Da shi uwarki ta raine ki, ga ki nan ƙofa ma da ƙyar take ɗaukarki."

To, a tuddanmu wa zai ce uffan a kan kantarion? Furen nan rawaya da ake tsinkowa tsakiyar lokacin zafi a shanya, shi ne na ciwon ciki, shi ne na ƙuna, shi ne na ƙuncin rai. Radojka ta sauko da ƙulli guda, ta shiga dafa masa safe da yamma.

Miodrag ya kurɓa ya yatsine fuska. "Tsohuwa, so kike ki riga ciwon gamawa da ni?"

"Shanye, tsoho. Bakin nan naka kaɗai ya rage da ƙarfi."

Ba a daɗe ba ya fara ɗan cin abinci, har yana tsokanarta. Daɗi ya kama ta, amma can ƙasan ranta wani abu bai kwanta ba.

Da suka koma asibiti, Likita Tijana, wadda ke kula da shi a gwajin, ta tambaya kamar yadda ta saba: "Kawu Miodrag, ban da namu, akwai abin da kake sha? Na kanti, ko ganye, ko saiwa?"

Ya buɗe baki ke nan, Radojka ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Babu, likita," in ji ta. Tsoro take kada a kore shi, kuma ba ta son 'yan birni su yi mata kallon baƙauya.

Kafin sanyi ya shigo, tarin ya dawo. Radojka ta riƙa laɓewa a bakin ƙofa tana sauraren numfashinsa. Da ta ga ɗigon jini a hankicinsa, sai ta ƙara yawan furen a tukunya, don a ganinta ƙarfin jiki ne ya gaza.

A zuwa na gaba, likitar ta daɗe tana kallon sabon hoton ƙirjinsa.

"Ƙarin ya girma, ya tsallaka ɗaya huhun. Abin da ya ɗaure mini kai, maganin kaɗan ne ƙwarai a jininsa. Kawu, kana tsallake sha ne?"

"Da hannuna nake ba shi," in ji Radojka, ranta a ɓace.

Nan tari ya sarƙe Miodrag. Radojka ba ta san lokacin da ta zaro filas daga jaka ta tsiyaya masa ba. Ƙamshin ya cika ofishin.

"Inna, mene ne wannan?" in ji likitar.

"Kantarion ne kawai."

Likitar ta dafe goshi. "Shi ne ke zuga hanta ta wanke maganinmu daga jiki kafin ya kai ga ciwon. Da kin faɗa mini tun farko, cewa kawai zan yi ki daina. Ba wanda zai cire shi."

"To mun daina daga yau. Yanzun nan zan zubar. Don Allah, 'yata."

"Ciwon ya riga ya wuce inda dokar gwajin ta yarda. Ba ni da ikon barinsa."

Da ƙyar Radojka ta iya tambaya, "Da ban ba shi ba, da ya tashi?"

"Ban sani ba, Inna. Yanzu kuma ba wanda zai taɓa sani."

Aka mayar da Miodrag kan maganin da yake sha kafin gwajin, amma bai karɓe shi ba. Ƙanƙarar lokacin sanyi ba ta gama narkewa ba aka binne shi. Bai taɓa ɗora mata laifi ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

Jama'a, ganye ma magani ne, kuma yana iya kashe ƙarfin na asibiti. Duk abin da majinyaci ke sha, komai ƙanƙantarsa, a faɗa wa likita tun kafin a kai shi baki.