Mai Yaji da Sunan Ɗan Fari

Tun da kin tambaye ni sunan da za ki raɗa wa shafinki na intanet, ƙanwata, bari in ba ki misali kafin ki je rajista.

Akwai wata mata mai daka yajin daddawa, irin wanda ake kai wa masu jego. Yajinta ya yi suna har matafiya kan saya su tafi da shi Kudu. Sai aka ba ta shawara ta buɗe shafi, domin na nesa su riƙa yin oda ba sai sun aiko mutum ba. Ranar zaɓen suna ba ta yi dogon tunani ba. Ɗanta na fari yana karatu a wata ƙasa, shekara uku ba ta sa shi a ido ba, don haka ta rubuta sunansa ta haɗa da yaji. Sunan gajere ne, mai daɗin ji, kuma ba wanda ya riga ta kama shi. Abin da ta manta shi ne, yatsa ne ya rubuta, amma baki ne zai yi talla. Ita kuwa, kamar uwarta da kakarta, ba ta taɓa kiran ɗan farinta da sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko da yake yaron har ya ajiye gemu.

Ana nan aka yi bajekoli a garin, ta kama rumfa. Wani ma'aikacin rediyo yana bin rumfuna yana watsa shiri kai tsaye, kowa minti ɗaya kyauta. Ta san irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ta yi bayanin daddawa da citta da masoro ba gargada. Sai ya ce, "Hajiya, faɗa wa masu sauraro sunan shafin." Ta buɗe baki, ta tuna surukarta ba ta rabuwa da rediyo, haka ma rabin matan unguwa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sunan yaron nan ne." Ya yi dariya ya ce, "Wane yaro, ranki ya daɗe?" Kafin ta sami abin cewa minti ya cika. Ya matsa rumfar mai zuma, wadda ta faɗi sunan nata shafin sau uku ba ko numfashi.

Surukar ta yaba da tarbiyyarta ƙwarai, amma ko oda ɗaya ba ta shigo ba. A makon ta yi rajistar wani suna, wanda unguwa ke kiran yajin da shi tun tuni, na bishiyar da ke ƙofar gidanta. Shafin farkon kuwa ba ta rabu da shi ba. Takan buɗe shi ita kaɗai, ta dubi sunan, ta rufe.

Saboda haka duk sunan da ya kwanta miki, fara faɗinsa da ƙarfi sau uku a gaban wanda kika fi jin nauyinsa. In ya maƙale a wuya, ki ajiye shi a zuciya ki nemi wani. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.