Sunan da Ladidi Ba Ta Taɓa Kira Ba

Shekara biyu da samun mulkin kai, ciwon taɓin hankali ya kama Yusufu, ɗan farin Aƙilu da Ladidi na Gozaki. Magidanci ne ƙaƙƙarfa, in ya shiga gona da garma sai dai a bi bayansa. Bayan wani zazzaɓi mai zafi ya fara surutai, yana fita ba hula ba takalmi, amma bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba.

Aka ba Aƙilu labarin wani mai magani, Mudi, da ke ajiye masu irin wannan ciwo a wani ƙauye ta wajen Malumfashi. Gida ne mai doguwar katanga da ƙofa ɗaya. Mudi ya karɓi Yusufu da sharaɗin cewa babu ɗan'uwan da zai gan shi sai ya warke, wai idon dangi yana karya magani.

Ladidi kuwa mace ce mai tsananin kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi Yusufu sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "wancan" take ce masa. Amma duk ranar kasuwa sai ta daka dakuwa ta ƙulle a tsumma, ta miƙa wa mijinta tana kallon gefe, ta ce, "A kai wa mutanen can." Aƙilu ya kai zaure, Mudi ya karɓa ya ce, "Ai jiki da sauƙi," shi ke nan ya juyo.

Ana cikin haka dagaci ya tara dattawa. Ya ce saƙo ya zo daga wurin hakimi, ana shawarar kafa doka: duk mai ajiye marasa lafiya a gidansa sai ya karɓi lasin, kuma duba-gari da malamin asibiti za su riƙa shiga suna ganin halin da mutanen ke ciki. Ana so a ji ta bakin talakawa.

Aƙilu ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duba-garin da ya fasa mini randa bara, shi zai duba mini ɗa? Me ɗan boko ya sani a kan iska? Su ɓata wa Mudi rai ya koro mana marasa lafiya, ina za mu kai su?"

Wani tsoho, Maitama, ya ce, "Aƙilu, kai ka ga yaron da idonka?"

"Ban gan shi ba, amma an ce da sauƙi."

"Ko jaki ka bayar kiwo, ai kakan leƙa ka ga ko ya rame."

Aka yi dariya, sai dai haushin duba-gari ya fi maganar Maitama ƙarfi. Dagaci ya aika cewa mutanensa ba sa so. Daga nan ba su sake jin zancen ba.

Da kaka ta yi, ana cirar auduga, Hajjo mai tallar nono ta shigo gidan Aƙilu. Ta tarar da Ladidi cikin mata ana sussuka, ta ce, "Inna, na ga ɗanki a gonar Mudi. Marasa lafiyan yake sawa cirar auduga da mari a ƙafa. Wallahi da kyar na gane shi."

Idon mata duk yana kan Ladidi. Sai ta kau da kai ta ce, "Zuba mini nonon, rana na yi." Har maƙwabta suka yaba, suna cewa ba su taɓa ganin mai kawaici irinta ba. Ni dai wannan yabo ya fi komai ƙona mini rai a labarin nan.

Sai da yamma ta ce wa mijinta, "An ce wancan ya rame."

Ya ce, "Magani ne ke aiki."

Haka aka ƙare cirar auduga. Ranar da Hajjo ta dawo ta ce ta daina ganinsa a gona, ranar Ladidi ta yafa mayafi ta fita, Aƙilu na biye da ita yana ba ta haƙuri. A zauren Mudi ba ta tsaya gaisuwa ba, ta kutsa kai ciki.

Ta same shi a wata bukka ba tabarma. Marin ya ci idon sawunsa har ƙafar ta ruɓe, ƙudaje sun rufe ta. Duk dakuwar da take aikowa ba ta taɓa wuce zaure ba. Ta durƙusa ta tallafo kansa, ta ce, "Yusufu."

Ya buɗe ido da kyar ya ce, "Inna, ke ce kika kira ni?"

Aka ɗora shi a motar auduga za a kai shi asibiti, kafin a shiga Funtua rai ya yi halinsa. Aƙilu ya kai ƙara, Mudi ya ce ajali ne, kuma ba wanda ya ga abin da ya faru a cikin gidan, sai aka sallame shi. Bayan salla Mudi ya tashi ya koma wani gari ya ja sabuwar katanga. Aƙilu kuwa bai ƙara buɗe baki a taron dattawa ba har ya bar duniya.

Jama'a, duk gidan da aka ajiye mara lafiya aka hana ganinsa, akwai abin da ake ɓoyewa. In an kawo dokar da za ta buɗe ƙofar, kada haushin mai dubawa ya sa mu ƙi ta. Kunya ado ce, amma ba a yin ta da ran ɗa.